Ganuwar Sin: Jiya Aikin Tilas, Yau Tafiyar Sadaka

Tun muna yara a makarantar allo, in malamanmu za su ba da misalin wuri mai nisa sai su ambaci Birnin Sin. A cikin wannan ƙasa mai nisa akwai wata ganuwa wadda duk duniya babu mai tsawonta. A zamanin nan mutane su kan taso daga Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe, su bi ta da ƙafa a kan duwatsu kwana da kwanaki, don su tara wa marasa lafiya da marayu kuɗi. Amma kafin mu je ga masu tafiyar, ya kamata mu san asalin abin da su ke takawa.

Mutanen Sin manoma ne, masu zaman gari. A arewa da su kuwa akwai wani makeken fili na ciyawa da hamada, inda makiyaya ke zaune, masu dawaki da baka. Makiyayan nan suna bukatar hatsi da tufafi da ƙarfe daga wurin manoma. In an buɗe musu kasuwa su saya, in an rufe su kawo hari. Mahayi kuwa ya kan faɗo da asuba, kafin dakarun sarki su ɗaura ɗamara ya kwashi ganima ya koma. Wannan shi ne dalilin gina ganuwa.

Da fari ƙasar a rarrabe ta ke, kowane sarki da tasa ganuwar, kamar dai yadda biranenmu na Hausa su ke a da. A shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa sai Sarkin Cin ya cinye sauran duka, ya naɗa wa kansa suna Cin Shi Hwang, watau Babban Sarki na Farko. Bayan 'yan shekaru ya tura Sarkin Yaƙinsa Meng Tiyan arewa da mutum 300,000, bisa ga faɗar marubutan tarihinsu, ya kori makiyaya, ya haɗa tsofaffin ganuwowi, ya ƙara sababbi. Aka ce tsawonta ya wuce li dubu goma. Li shi ne ma'aunin tafiyarsu, ya kai wajen rabin kilomita. Har yau sunan da su ke kiranta da shi ke nan, Doguwar Ganuwa Mai Li Dubu Goma.

Ganuwar wannan zamani yawancinta ta ƙasa ce. A kafa alluna biyu, a zuba ƙasa a tsakani, a daɓe ta har ta yi tauri, a ɗaga allunan a sake zubawa. Inda akwai duwatsu sai a jera su. Masu aikin kuwa sojoji ne da 'yan sarƙa da talakawan da aka kwaso daga gonakinsu tilas, aka kai su ƙasar sanyi da ƙarancin abinci. Da yawa ba su komo ba. Mutanen Sin suna da wata tatsuniya ta wata mace, Meng Jiyangnu, wadda ta ɗinka wa mijinta rigar sanyi, ta yi tafiya mai nisa ta kai masa, ta tarar ya mutu an binne shi cikin ginin. Ta zauna ta yi ta kuka har wani sashe na ganuwar ya zube, ƙasusuwansa suka bayyana. Tatsuniya ce, amma tana nuna abin da ke zuciyar talakawa game da aikin.

Ƙarshen al'amarin bai yi wa gidan Cin kyau ba. Sarkin ya mutu a shekara ta 210. A shekarar da ta biyo aka tasa waɗansu talakawa wajen 900 za a kai su tsaron iyakar arewa, sai ruwan sama ya tsare su a hanya. Dokar kuwa ta ce wanda ya makara hukuncinsa kisa. Da suka ga ko sun isa mutuwa ce, sai suka yi tawaye, wutar ta kama ko'ina. Kafin shekara ta 206 ta ƙare sarautar gidan ta rushe. Tura ta kai bango, kuma ganuwa ba ta tsare sarki daga talakawansa.

Gidan Han da ya gaje su ya ja ganuwar yamma zuwa cikin hamada, har wajen Dunhwang, don tsaron fatake masu safarar alharini. Can babu dutse babu yumɓu mai kyau, sai su shimfiɗa kara da rassan itatuwa, su zuba tsakuwa, su sake shimfiɗawa. Saboda rashin ruwan sama, har yanzu a kan ga ragowarta a tsaye, bayan shekara fiye da dubu biyu.

Duk da haka a shekara ta 1211 bayan haihuwar Annabi Isa, Jengis Kan Sarkin Mongol ya keto iyakar da rundunarsa, a 1215 suka ci birnin da a ke kira Bejin yau. Jikansa Kublai ya mallaki ƙasar Sin gaba ɗaya. Sai a 1368 mutanen ƙasar suka kore su, suka kafa gidan sarauta na Ming. Ganuwar da mu ke gani a hotuna yau, mai tubali da soraye tana hawa tana gangara bisa ƙoƙuwar duwatsu, aikin wannan gida ce.

Abu biyu suka tsorata sarakunan Ming. A 1449 wani matashin sarkinsu ya fita yaƙi da kansa, Mongol suka fasa rundunarsa a Tumu, suka kama shi da rai. A 1550 kuma Altan Kan, wanda ya daɗe yana roƙon a buɗe masa kasuwa ana ƙi, ya ɓullo ta wajen ƙofar Gubeikou, ya zo har gindin garun Bejin yana ƙone ƙauyuka. Saboda haka aka ɗauko wani gwanin Sarkin Yaƙi, Ci Jigwang, aka ba shi tsaron wannan yanki a 1568. Shi ya sa aka gina soraye fiye da dubu a kan ganuwar, kowane da ɗakin kwanan sojoji da ma'ajin makamai da kafofin harbi. A kan gasa tubalin a gindin dutse, a hau da shi a kai ko a kan jakuna da alfadarai. Wajen ɗaura shi su kan kwaɓa farar ƙasa da kunun shinkafa mai danƙo, kamar yadda maginanmu ke sa makuba, shi ya sa har yau ya ke riƙe.

Akwai wani abu da ya burge ni a aikin nan, ni da na ke malamin ofis. A wajen Jinshanling da Simatai a kan sami tubala da hatimi a jikinsu, an buga shekarar da aka yi su da sunan rundunar da ta yi. In tubali ya lalace an san wanda za a tuhuma. Ashe sa hannu a kan aiki ba yau aka fara ba. Wajen aika labari kuwa, da rana hayaƙi, da dare wuta. In maƙiya kamar ɗari ne, a tada hayaƙi ɗaya a buga igwa sau ɗaya. In sun kai ɗari biyar, biyu biyu. Haka har zuwa biyar, watau dubu goma ko fiye. Soro ya miƙa wa soro, kafin mahayi ya iso labarinsa ya riga shi.

To, ganuwar ta biya bukata? A 1571 aka yi sulhu da Altan Kan, aka buɗe masa kasuwannin dawaki a bakin iyaka, sai hari ya ragu ƙwarai a wannan gefe. Abin da tubali ya kasa, ciniki ya yi. A 1644 kuwa talakawa masu tawaye suka ci Bejin, sarkin Ming na ƙarshe a birnin ya rataye kansa. Sarkin Yaƙin da ke riƙe da ƙofar Shanhaigwan a bakin teku, Wu Sangwi, ya ga maƙiyi gaba maƙiyi baya, sai ya haɗa kai da Mancu, waɗanda aka sa shi ya tsare, suka shigo ta ƙofar. Suka mallaki ƙasar har 1912. Lalle sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1691 da aka roƙi Sarki Kangshi na gidan Mancu kuɗin gyaran ganuwar a Gubeikou sai ya ƙi, ya nuna cewa tsaron ƙasa yana ga adalci da samun zuciyar talakawa.

Daga nan ganuwar ta zama kango. Iska da ruwa suka ci nasu, mutanen ƙauye suka kwashi tubali suna gina ɗakuna da garken dabbobi. Sai a 1984 shugabansu Deng Shiyawping ya goyi bayan kiran a ƙaunaci ƙasa a gyara ganuwa, jama'a suka yi ta ba da gudummawa. A wannan shekara wani saurayi, Dong Yaohui, da abokansa biyu suka tashi daga Shanhaigwan da ƙafa, suka isa Jiyayugwan a bakin hamada bayan kwana 508. A 1987 hukumar UNESCO ta sa ganuwar cikin kayan tarihin duniya. Da aka auna ta Ming a 2009 aka sami kilomita 8,850, har da ramuka da koguna da duwatsun da aka dogara da su, watau kusan sau takwas tafiyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko. A 2012 aka haɗa ta dukan zamanai, ta kama kilomita 21,196. Batun da a ke yi wai ana hango ta daga wata kuwa ba gaskiya ba ne. Ɗan ƙasarsu na farko da ya tafi sararin sama a 2003, Yang Liwei, ya ce bai gan ta ba.

Yanzu bari mu koma ga masu tafiyar sadaka. Ga yadda abin ya ke. Mutum ya zaɓi wata ƙungiyar taimako, ya yi alkawarin tara mata kuɗi kaza. Sai ya bi 'yan'uwa da abokan aiki, ko ya yi shela ta intanet, ya ce shi zai ɗauki wahalar tafiya, su kuwa su ba da abin da ya sawwaƙa. A kan tafi ayari ayari da ɗan jagora, yawanci a watan Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba, lokacin da babu zafi mai tsanani babu ƙanƙara. A kan yi wajen kwana biyar ana tafiya a duwatsun da ke arewa da gabashin Bejin, wajen Hwangyagwan da Gubeikou da Jinshanling, a kwana a masaukan ƙauye. Matakalan ba su daidaita ba, wata gajera wata har gwiwa. Inda ba a gyara ba kuwa ciyawa da itatuwa sun tsiro a kan ganuwar, tubali na zamewa ƙarƙashin ƙafa, wani wurin sai an haɗa da hannu. A sorayen Gubeikou su kan ga tabon harsashi na yaƙin da aka yi da Japan a 1933.

Waɗansu ba su tsaya ga kwana biyar ba. A 2006 mutum biyu daga Afirka ta Kudu, David Grier da Braam Malherbe, suka bi ganuwar da gudu daga hamada zuwa teku, wajen kilomita 4,200 cikin kwana 98, don a sami kuɗin yi wa yaran da a ke haifa da tsagaggen leɓe aiki. A 2008 wata mawaƙiya ta Ostiraliya, Olivia Newton-John, wadda ita kanta ta sha fama da ciwon daji, ta ja ayari suka yi kilomita 228 cikin mako uku. Kuɗin ya shiga ginin asibitin masu wannan ciwo a Melbon, wanda aka buɗe a 2012. Ta rasu a 2022, asibitin kuwa yana nan da sunanta.

Amma akwai abu biyu da mai hankali zai duba. Na farko lissafi. A waɗansu shirye-shiryen mai tafiya ke biyan kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa, duk abin da aka tara ya tafi ga mabukata. A waɗansu kuwa daga cikin abin da aka tara a ke cire kuɗin tafiyar. Wanda zai ba da kuɗinsa yana da hakkin ya tambaya, wanda ya karɓa kuma wajibi ne ya faɗi gaskiya, gama kuɗin jama'a amana ne. Na biyu ita kanta ganuwar. An kafa dokar kare ta a 2006, wadda ta hana ɗibar tubali da rubutu a jikinta. Duk da haka a 2015 aka ba da labari cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ginin Ming ya riga ya ɓace. A 2023 ma aka kama mutum biyu a lardin Shanshi sun fasa ta da motar haƙa ƙasa don su sami gajeriyar hanya. Wanda ya je neman lada bai kamata ya bar ɓarna a bayansa ba.

Ka ji tarihin Ganuwar Sin. Da bulala aka kai talakawa suka ɗora tubalinta, don a raba manomi da makiyayi. Yau mutane na zuwa da ƙafarsu daga nesa, babu mai tilasta su, suna hawan matakalan nan saboda waɗansu marasa lafiya da ba su taɓa gani ba. Mu ma muna da namu garun, irin na Kano wanda Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, ga shi ana ta cinye shi da gine-gine. Wanda ya karanta wannan, in ya bi ta gefen badalar garinsu, ya dube ta da kyau, ya tuna da waɗanda suka ɗauki ƙasarta a kai. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada.