Kibau Masu Juyowa Gida: Karanta Gwajin Jinin Masu Ƙanjamau a Sakkwato

Laƙabin da aka yi wa ƙanjamau, wato cuta mai karya garkuwar jiki, rabin gaskiya ya faɗa. Ƙwayar HIV tana kashe ƙwayoyin CD4, waɗanda ke ba rundunar jiki umarni, amma sauran mayaƙan rikicewa suke yi maimakon su kwanta. Tun a 1983 Clifford Lane da Anthony Fauci suka nuna a Amurka cewa ƙwayoyin B, maƙeran kiban da jiki ke harbin cuta da su, suna ƙira barkatai a jinin masu ƙanjamau. Daga cikin kiban nan akwai masu juyowa kan mai su, su nufi jajayen ƙwayoyin jini, ko ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ko halittar tayirod da ke wuya. Matsayin wannan maƙala shi ne, ganin irin waɗannan kibau a takardar gwaji bai isa hujjar cewa cuta ta biyu ta shigo ba, musamman a Sakkwato.

Hujjar farko daga asibiti take. Gwajin Coombs, mai gano kiban da suka manne wa jajayen ƙwayoyi, yakan nuna alama ga masu ƙanjamau da yawa, alhali ƙalilan ne jininsu ke fashewa saboda haka. Hujja ta biyu ta gida ce. A 1968 Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya bayyana cewa cututtukan da jiki ke yaƙar kansa ba su cika kai 'yan Nijeriya asibiti ba, ya kuma alaƙanta hakan da yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, wanda shi kansa yake tayar da kibau masu juyowa. To, mutumin da ya tashi a unguwar Hubbare, kusa da makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana shan zazzaɓi kusan kowace damina tun yana goye, zai iya ɗaukar waɗannan kibau tun kafin HIV ta same shi. Idan aka auna jininsa da ma'aunin da aka tsara a kan Turawan da ba su san zazzaɓin ba, za a ga cuta inda babu ita.

Kuskuren yana da tsada. Maganin da ake fara ba wanda jikinsa ke yaƙar kansa shi ne sitiroyid, irin su Prednisolone, wanda aikinsa danne garkuwa ne. Ba shi ga mai ƙarancin CD4 ba tare da dalili ba buɗe ƙofa ce ga tarin fuka da sanƙarau, sai a zo gyaran gira a rasa ido.

Mai ja zai ce ai wani lokaci kiban suna ɓarna da gaske, kuma gaskiyarsa. A 1982 likitoci a birnin Niyok suka ba da rahoton marasa lafiyar da ƙwayoyin tsayar da jininsu suka ragu ƙwarai, matsalar da ke zuwa da haɓo da zubar jinin dasashi. Sai dai a nan ma alama ce ta fara magana kafin gwaji, kuma tushen magani shi ne danne ƙwayar HIV, domin idan ta lafa adadin yakan farfaɗo. Akwai kuma cutar Graves ta tayirod, wadda ke iya ɓullowa shekara ɗaya zuwa uku bayan fara shan magani, lokacin da garkuwa ke dawowa. Mai ita yana ci amma yana ramewa, ga bugun zuciya da rawar hannu, sai a zaci tarin fuka ne ko maganin ya daina aiki. Wannan ja ƙarfafa matsayinmu yake yi: alamar da ke jikin mara lafiya ce za ta aika likita neman gwaji, takarda kuma ta zama mai shaida.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da HIV, yankin Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6. Ƙarancin nan alheri ne, amma yana sa likitan Sakkwato ya jingina da littattafan waje wajen fassara abin da bai cika gani ba. Aikin da ke gaban Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne auna yawan kiban a jinin masu lafiya na garin, da rani da damina, a kwatanta da na masu ƙanjamau kafin fara magani da bayansa. Da wannan ma'auni ne likita zai bambanta kibiyar da sauro ya bari da wadda ke bukatar magani.