Daga Sonitel zuwa kamfanoni huɗu: wa ya karya babakeren tarho?

Dattawanmu ba su manta da zamanin da Sonitel ke riƙe da tarhon Nijar ita kaɗai ba. Mai son magana da ɗansa a Kano ko Libiya sai ya nemi kabin a Tanut ko Damagaram, ya bi layi, ya biya abin da aka yanka masa.

To wa ya karya wannan babakere, doka ko gasar kasuwa?

Doka ce ta fara. A 1999 gwamnati ta buɗe fannin sadarwa, ta kafa hukumar ARM don sa ido, wadda aikinta ya koma hannun ARTP, daga baya ARCEP a 2018. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Celtel ta fara aiki a 2001, ta zama Zain, sannan Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Orange ta zo a 2008, ta sayar wa Zamani a 2019. Ita kuwa Sonitel, a 2016 aka haɗe ta da SahelCom ta zama Niger Telecoms. Da suka yi yawa, kuɗin layi da na kira suka sauko, salula ta shiga aljihun makiyayi.

Ko a Amurka haka aka yi. Shari'ar da gwamnati ta kai kamfanin AT&T ce ta raba shi a 1984, kana gasa ta samu fili.

Amma fa a lura, gasa ba ta zuwa inda babu riba. A Yamai ka zaɓi wanda kake so. A ƙauye ko mashayar dabbobi ta ƙasar Tarka ko Tenhiya, in eriya ɗaya ce ke kamawa, mai ita shi ne Sonitel ɗin wurin. Rezo ya ɗauke ranar kasuwa, kuɗin da aka turo maka ya maƙale, ba ka da wajen sauyawa.

A irin wannan wuri sai doka. Lasisin kowane kamfani na ɗauke da sharuɗɗan kai rezo da ingancinsa, kuma ARCEP ta sha cin tarar kamfanoni a kan haka. Saboda haka kukanmu ya kamata ya isa gare ta.

Ku gaya mana: a garinku, kamfani nawa ke kamawa?