Jirgin da Ake Turawa da Ƙafa: Tarihin Kanal ɗin Huddersfield

Yau shirin namu zai kai mu arewacin Ingila, mu hau jirgin ruwa mu yi yini guda a kan kanal. Wanda ya san kanal ɗin noman rani na Kadawa ya riga ya fahimci rabin zancen, wato hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannunsu. Su dai Turawa sun haƙa nasu ne don dakon kaya.

Abin ya kankama a 1761, lokacin da wani basarake, Duke na Bridgewater, ya sa James Brindley ya haƙa masa kanal daga ramukan kwal ɗinsa na Worsley zuwa Manchester. Kwal ya karye a kasuwa, farashinsa ya faɗi kusan rabi. Dalili kuwa a fili yake: dokin da zai galabaita da kura guda a kan hanyar taɓo, in aka ɗaura masa igiyar jirgi yana iya jan tan 25 ko fiye, yana tafiya a bakin ruwa. Da masu kuɗi suka ga haka, sai kowa ya tashi yana son kanal a garinsu.

To, a 1794 majalisa ta amince a haƙa wanda zai haɗa Huddersfield da Ashton-under-Lyne, tafiyar mil 20 kacal. Matsalar ita ce tsaunukan Pennine sun gitta a tsakani, kuma ruwa ba ya hawa tudu.

Nan ne dabarar matakalar ruwa ta shigo, abin da suke kira lok. Ɗaki ne dogo na dutse, da ƙofa a gaba da ƙofa a baya. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar baya, a murɗa ƙarfe a buɗe 'yar taga ta ƙofar sama, ruwa ya kwararo ya cika ɗakin, jirgi ya taso da shi. In ruwan ciki ya yi daidai da na gaba, sai a tura ƙofa a wuce. Irin wannan matakala guda 74 ce a wannan gajeren kanal. Shi ya sa yinin mai yawon buɗe ido yau yake ƙarewa a sauka, murɗa, turawa, hawa, ga tumaki na kiwo a gefe, ga tsofaffin masaƙu na kallonsa. Gudun jirgin ma bai wuce mil 4 a awa ba, mai tafiya a ƙasa yana iya jerawa da shi suna hira.

Amma a saman tsaunin matakala ba ta isa ba, dole a huda dutsen. Ramin Standedge ke nan, daga Marsden zuwa Diggle, ya haura kilomita 5, kuma har yau babu ramin kanal da ya kai shi tsawo ko zurfi a Birtaniya. Da diga da shebur da albarushi aka yi shi, a hasken kyandir. Ruwa ya yi ta ɓulɓulowa, kuɗi suka yi ta ƙarewa, ma'aikata da dama suka rasa rayukansu. Masu haƙowa daga ɓangarorin biyu ma ba su yi saiti daidai ba, shi ya sa ramin yake da lanƙwasa a tsakiya. Injiniyan farko, Benjamin Outram, ya bar aikin, sai da aka nemo Thomas Telford ya duba ya ba da shawarar yadda za a ƙarasa. Ba a buɗe ba sai 1811, shekara 17 bayan farawa.

Ku saurari wannan. Don a rage kuɗi, ba a yi wa doki hanya a cikin ramin ba. Sai a kwance shi a bi da shi ta kan tsauni, su kuma maza su kwanta rigingine a kan jirgi, su dogara ƙafafunsu a bango suna takawa, jirgi na matsawa. In da kaya, sai a kwashe wajen awa uku a haka, cikin duhu, ruwa na ɗigo musu. Sana'a ce guda, da ita wasu suke ciyar da iyali.

Ba a daɗe ana cin moriyar ba jirgin ƙasa ya iso. A 1845 kanal ɗin ya koma hannun kamfanin jirgin ƙasa, wanda ya haƙa nasa ramin a gefe, yana kwashe ɓaraguzan dutsen da jiragen kanal ɗin. Ka ga an sa shi ya yi wa magajinsa dako. Jirgin kasuwa na ƙarshe ya ratsa ramin a 1921, aka rufe kanal ɗin a 1944. An cike wasu wurare, an yi gini a kan wasu, saura suka zama juji.

A 1974 wasu mutanen yankin suka kafa ƙungiya suka ce sai an farfaɗo da shi. Da yawa sun ɗauke su masu mafarki. Suka fara da aikin gayya, suna yashe taɓo a ranakun hutu, daga baya ƙananan hukumomi da masu ba da tallafi suka shigo. A 2001 aka sake buɗe shi daga farko har ƙarshe. Yanzu hukumar Canal & River Trust ce ke kula da shi, kuma duk mai son ratsa Standedge sai ya yi rajista tukuna, a haɗa shi da ɗan rakiya wanda ya san ramin. Injin ne ke tura jirgin, amma bangon shi ne dai wanda waɗancan mutanen suka taka.

A nan za mu dakata.