Tayar da Tsohon Injin Layi Uku da Wutar Gida: Nazari kan Ƙananan Shagunan Sana'a a Dutse

Tsakure

Maƙalar ta auna hanyoyi biyu na tayar da injin da aka ƙera don wuta mai layi uku a shagon da layi ɗaya kawai ya shiga. Matsayarta ita ce, zaɓin hanya yana farawa ne daga karanta farantin da ke jikin injin, kafin a kashe ko kwabo.

Gabatarwa

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, shagunan kafintoci da masu walda da masu niƙa suka yawaita a cikinta da garuruwa irin su Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Da yawa na hannu suke sayen injin, ƙarfe mai nauyi da aka ƙera don bolt 400 a layi uku. Wutar da kamfanin lantarki na KEDCO ke kai wa gida kuwa layi ɗaya ce, bolt 230, mai bugu 50 a daƙiƙa. Layuka uku suna juya maganaɗisu a cikin injin da kansu. Layi ɗaya ba ya iya hakan, sai injin ya yi ta gunji a tsaye har kwayil ya ƙone.

Hanyar kafasita

Ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi, kuma a ilimin lantarki da sunan Charles Steinmetz aka santa. Sharaɗinta na farko, farantin ya nuna 230/400. Idan haka ne, a buɗe akwatin wayoyi: ƙusoshi shida ne da 'yan ƙarafa uku. A kwance ƙarafan daga haɗin sita, a mayar da su haɗin delta, sannan kafasita ta tsaya a madadin layi na uku. Ƙiyasin da aka saba shi ne maikrofarad 70 ga kowane kilowat, wato kusan 150 ga injin kilowat 2.2. Amma araha ba ta ado. Ƙarfin injin yakan sauka zuwa wajen kashi 70 cikin 100, ƙarfin tashinsa kuma ya fi haka raguwa. Zarto mai tashi babu kaya zai jure. Injin niƙa da aka cika wa baki da gero ba zai motsa ba. Abin takaici, idan injin ya ƙone, mai shagon kan ɗora laifi a kan mai naɗin kwayil, alhali haɗin ne ya ci injin.

Injin da farantinsa ya nuna 400/690 bai shiga wannan lissafi ba sam.

Hanyar inbata

Inbatar sarrafa gudu tana daidaita wutar gida, ta sake fitar da layuka uku na bolt 230. Fa'idarta babba ita ce tayar da injin a hankali, domin tashin kai tsaye kan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai, abin da wayar gida ba ta ɗauka. A ganin wannan nazari ita ta fi dacewa, sai dai Dutse tana da nata sharuɗɗa. Yawancin inbatoci an tsara su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, a watan Afrilu kuwa shagon kwano kan zarce haka. Ƙurar hunturu da garin katako suna toshe mata fanka. Dole a kafa ta a akwati mai shan iska, nesa da bakin zarto, a zaɓi wadda ta ɗara injin ƙarfi. Tsohon makunnin injin kuma a cire shi daga tsakanin inbatar da injin, a mayar da wayarsa wurin ba inbatar umarni, domin katse wuta a nan injin na gudu yana iya ƙona ta.