Wa Ya San Ka a Can? Tarihin Takarda Mai Ƙetare Iyaka



Duk wanda ɗansa ya samu gurbin karatu a Madina ko Alƙahira, ko gado ya kira shi Kano, ya san cewa takarda ba ta ƙetare iyaka ita kaɗai. Sai an buga mata tambari bisa tambari kafin mutanen can su yarda da ita. Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar wannan bidi'ar Nasara ce, alhali kakanninmu sun san matsalar tun kafin a haƙa harsashin ofis ko ɗaya a ƙasar nan.

A zamanin fataucin Gwanja, ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ya yi watanni a hanya, ya ratsa ƙasashen sarakuna masu harsuna dabam-dabam, wani ya biyo ta Yendi, kafin ya sauke kaya a Salaga ya ɗauki goro. Falke yakan mutu a hanya ya bar dukiya, bashi yakan shiga tsakanin mutumin Katsina da na Salaga. To, wa zai gaskata wa? Madugu ne shaidar ayarinsa, mai masauki kuma shi ne lamunin baƙonsa a kasuwa. Idan magana ta kai ga rubutu, sai a koma wa malamai, domin fiƙihun Malikiyya ya tanadi babi a kan wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Hukuncin da ke cikin Mukhtasar na Khalil shi ne ana son a rufe wasiƙar da hatimi, amma hatimin shi kaɗai bai wadatar ba, sai adilai biyu sun shaida cewa daga alƙalin ta fito. Hatimin ma yana da asali, domin Manzon Allah (SAW) ya sa an ƙera masa zoben azurfa ne sa'ad da aka gaya masa sarakunan waje ba sa karɓar wasiƙar da ba hatimi.

Salaga ba baya ba ce a wannan fanni. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da na Karaki, an haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga yana matashi, kuma a 1877 ya wallafa littafinsa na Larabci mai suna Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wathiƙa, a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙu. Mu lura: saurayi mai kimanin shekara ashirin ba zai zauna ya tsara irin wannan littafi ba sai a garin da ake bukatarsa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Karaki, inda ya rasu a 1934. Haka kuma malaman wannan yanki sukan ba ɗalibin da ya sauke Tafsirul Jalalaini ko Muwaɗɗa ko Ashafa ijaza mai ɗauke da salsalar malamai, wane daga wane, har zuwa marubucin littafin. Da ita ɗalibi ke shiga garin da ba a san shi ba, a shimfiɗa masa buzu.

Abin da ya sauya shi ne iyaka. A 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniyar barin yankin Salaga da Yendi ba na kowa ba. Ba a daɗe ba Jamusawa suka ci Dagomba da yaƙi a Adibo a 1896, sannan a 1899 ƙasashen biyu suka raba yankin: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus. Mutumin da ya saba zuwa Yendi kamar zuwa gidan kawu ya wayi gari yana shiga wata ƙasa. Jamus ta rasa Togo a 1914, kuma sai da ƙuri'ar 1956 aka tabbatar da Yendi cikin ƙasar da ta zama Ghana a 1957. Bawku kuwa har gobe tana tsakanin iyakoki biyu, ta Burkina Faso a Kulungugu da ta Togo a Pulmakom.

Sabbin masu mulki sun zo da tasu salsalar, ba su kuwa ɗaura ta a kan tamu ba. Rubutun liman da Larabci ko Ajami ya ci gaba da aiki a cikin Zango, amma bai da kujera a ofis. Misali mafi kusa shi ne dokar auren Musulmi ta 1907, wadda ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaura shi, ta hannun limami mai lasisi. Kaɗan ne suka bi ta. A ganin iyayenmu, auren da aka ɗaura gaban waliyyi da shaidu, aka raba goro, gari duka ya sani, me zai nema wurin Baturen gunduma? Ta fuskar addini suna da gaskiya. Sai dai matar da za ta bi mijinta wata ƙasa, ko marayun da za su nemi gado a can, ofishin jakadanci ba ya tambayarsu wa ya ci goron.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 aka ga iyakar wannan sakaci. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fita. Dubban mutanen zanguna suka ɗaure kaya, cikinsu har da waɗanda aka yanke wa cibiya a nan, ba su taɓa ganin Nijeriya ko Nijar ba. Liman ya san su, sarkin Zango ya san kakanninsu, amma ba a nemi shaidar liman ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta sauƙaƙa wa mutum shiga ƙasashen yankin har kwana 90 ba biza, amma ba ta ɗauke wa takardunsa wahalar tantancewa ba.

Yau hanyar ita ce: a karɓi takardar daga inda ta fito, ta haihuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ta jarrabawa daga WAEC. Lauya mai izinin shaida takardu ya sa hannu, hukumar shari'a ta tabbatar da hannun lauyan, Ma'aikatar Harkokin Waje a Ankara, babban birninmu, ta tabbatar da na hukumar shari'a, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa. In ƙasar Larabawa ce, sau da yawa a nemi fassara. Wanda ya yi karatun zaure zai gane fasalin nan take: wane daga wane. Kowane tambari yana shaida hannun da ya gabace shi ne kawai, ba ya gyara abin da ke cikin takardar.

A nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, wato wajen suna. Yaro ɗaya, liman ya raɗa masa Husaini, malamin firamare ya rubuta Fuseini, fasfo ya fito da Hussein. Umar ya zama Imoro, Ishaƙ ya zama Issaka, Sa'idu ya zama Seidu. A Bawku ko Salaga kowa ya san mutum ɗaya ne, amma jami'in da ke Madina mutum uku yake gani. Sai a dawo da takardu, a koma rantsuwa a kotu, a sake biyan mota zuwa Ankara, wani lokaci wa'adin makaranta ya wuce ana kan hanya. Saboda haka kafin a kai takarda gaban lauya, a baje ta haihuwa da ta makaranta da katin ɗan ƙasa da fasfo a kan tabarma ɗaya, a duba suna harafi-harafi, a duba ranar haihuwa. In kuwa jariri ne, rubutun da aka zaɓa masa ranar suna shi za a kai ofishin rajista, shi kuma za a ba malamin makaranta.