Yadda Kujerar Ɗakin Horo Ta Zama Shaida a Kotu

A Birtaniya ta yau, injiniyan kwamfuta da ke yi wa wani banki aikin kwangila na wata shida zai buɗe imel da safe ya tarar da gayyata: ranar Alhamis dukkan ma'aikata su hallara a ɗakin taro, akwai horo kan manufofin kamfani, akwai shayi da biskit. Maimakon ya amsa nan take, sai ya yi jim, wataƙila ma ya buga wa akantansa waya. Mu da muka taso muna jin cewa ba a ƙin ilimi ko daga ina ya zo, abin zai ɗaure mana kai. Sai mun koma baya sosai kafin mu gane abin da yake gudu.

A ƙarni na 19 dokar Ingila da sunan ubangida da bara ta san alaƙar mai aiki da wanda yake yi wa aiki. A wata shari'a ta 1880 alƙali ya fayyace cewa bara shi ne wanda ubangidansa ke da ikon faɗa masa yadda zai yi aikin, ba abin da zai yi kawai ba. Mu ma mun san wannan bambanci. Kafintan da ka yi jinga da shi ya haɗa maka ƙofa, kana faɗa masa tsawo da faɗi, amma ba ka koya masa riƙon zarto. Ranar da ka fara koya masa, ya tashi daga mai sana'a ya koma yaronka. Tushen maganar horo ke nan, tun kafin a ƙirƙiri ɗakin taro.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan ma'auni ya fara gazawa. Shugaban asibiti ba zai nuna wa likitan tiyata inda zai sa wuƙa ba, amma likitan ma'aikacinsa ne. A 1952 alƙali Lord Denning ya kawo wata tambaya: shin aikin mutumin ya zama ɓangare na jikin kamfanin ne, ko a gefe yake taimakawa? Sai kuma shari'ar kamfanin Ready Mixed Concrete a ƙarshen 1967, wadda har gobe ake jingina da ita. Direban motar kankare ne, motar da fentin kamfani, shi kansa da rigar kamfani. Duk da haka alƙali MacKenna ya ce mai zaman kansa ne, domin shi ya sayi motar ta hanyar biya sannu a hankali, riba da asara nasa ne, kuma yana da damar sa wani direba a madadinsa.

Amurka kuwa ta kira horo da sunansa ƙarara. A 1987 hukumar harajinta ta jera alamomi 20 na gane ma'aikaci, horo ya zo na biyu: idan kamfani na koya maka aiki ko yana tilasta maka zaman taro, to so yake a yi aikin ta hanyarsa. Ba a jima ba hukumar ta binciki Microsoft, ta ce 'yan kwangilar da suka shekara suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikata su ma ma'aikata ne. Mutanen suka kai ƙara suna neman haƙƙin sayen hannun jari da rangwame, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 97 a 2000. Darasin da kamfanoni suka ɗauka yana da ɗaci. Maimakon su jawo mutanen ciki, sai suka ƙara tsawon katanga: katin wuya mai launi daban, ba walimar ƙarshen shekara, ba kwas.

A Birtaniya kuwa shekarun 1990 kakar 'yan kwangila ce, musamman masu kwamfuta. Mutum ya buɗe ɗan kamfaninsa, ya biya kansa ƙaramin albashi, sauran ya ɗauka a matsayin ribar jari wadda ba a cire mata kuɗin inshorar ƙasa. Wasu su ajiye aiki ranar Juma'a, su dawo teburinsu ranar Litinin a matsayin 'yan kwangila. A lokacin ba wanda ke tunani sau biyu kafin ya shiga horo. Ka zauna da kowa, ka ƙaru, ka ci abincin rana, a rabu lafiya. A kasafin kuɗin Maris 1999 ministan kuɗi Gordon Brown ya rufe wannan babi. Sanarwar hukumar haraji mai lamba 35 ce ta bai wa dokar sunanta, IR35, ta fara aiki a Afrilu 2000. Abin da take tambaya ɗaya ne: da a ce babu wannan ɗan kamfani a tsakani, mutumin ma'aikaci ne? In haka ne, ya biya haraji irin na mai albashi, alhali ba shi da hutun shekara ko kuɗin jinya. Daga nan ƙananan abubuwa suka yi nauyi: sunanka a jadawalin ma'aikata, takardar auna ƙwazo, sa hannunka a rajistar horo.

Shekara 17 ɗan kwangila ne ke ɗauke da wannan fargaba shi kaɗai. A 2017 aka ɗora wa ma'aikatun gwamnati alhakin tantance matsayinsa, a Afrilu 2021 aka faɗaɗa zuwa manya da matsakaitan kamfanoni. Ministan kuɗi na lokacin Kwasi Kwarteng ya yi shelar soke gyaran a Satumba 2022, magajinsa Jeremy Hunt ya janye shelar wata guda bayan haka. Yanzu mai gayyata da wanda aka gayyata duk a tsorace suke.

Abin da ke damuna shi ne tsoron ya wuce gona da iri. Tun shari'ar Hall da Lorimer a 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hoton gaba ɗaya ake dubawa, ba a ƙirga alamomi ɗaya bayan ɗaya. Kuma horo iri biyu ne. Dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ta wajabta wa kamfani kare har waɗanda ba ma'aikatansa ba, dokar kare bayanai ta 2018 ma ba ruwanta da launin katin wuyanka. Wanda ya ƙi sanin ƙofar fita idan gobara ta tashi, ko yadda ake killace bayanan masu ajiya a banki, don gudun haraji, ya jefa wasu cikin haɗari, kuma bai tsira da komai ba. Horon da ke gina ka don ƙarin girma a kamfanin, ko ya cusa maka al'adunsa, ko ya koya maka sana'ar da aka ɗauko ka dominta, shi ne ke kama da tarbiyyar ɗan gida.

Shi ya sa injiniyan namu zai amsa imel ɗin da ladabi. Zai halarci na gobara da na tsaron bayanai, ya nemi a rubuta cewa sharaɗin shiga ginin ne ga kowa. Na ranar Alhamis zai ba da uzuri. Idan abokan aikinsa sun tashi sun nufi ɗakin taro, shi zai ci gaba da zama a teburinsa, kwas ɗin da yake buƙata kuma ya biya daga asusun kamfaninsa, ya adana rasit.