Gayyar masu ƙera manhaja

A shekarar 1968 masana kwamfuta suka taru a Garmish, ƙasar Jamus, domin wata cuta da ta addabi sana'arsu: manyan ayyukan manhaja suna lashe kuɗi fiye da ƙima, suna makara, wasu ma ba sa kammaluwa. Hanyar da ta yi rinjaye bayan haka irin ta ginin gada ce: a rubuta buƙatu duka tun farko, a zana, a gina, sannan a gwada. Mai kaya ba ya ganin kayansa sai bayan shekaru, sa'ad da buƙatarsa ta riga ta sauya.

Gyara ya ɓullo daga masana'antun Japan. A 1986 Takeuchi da Nonaka suka bayyana yadda Honda da Canon ke ƙera sabon kaya da ƙaramin rukuni mai cin gashin kansa. Daga nan Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka tsara salon Scrum, aka gabatar da shi a 1995. A Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da sanarwar Agile, wato aiki cikin hanzari da sauƙin juyawa. Rukuni ba ya wuce mutum goma. Kowace rana a yi taron minti 15. Kafin wata ya cika a nuna abin da ya kammala.

Manomin Bazaga ba zai ga baƙon abu a nan ba. A gayya ba a raba takarda, kowa ya san kuyyarsa, wanda ya gama ya taya na baya. Amma ginshiƙinta, a ganina, shi ne mai gona yana tsaye a wurin, yana ganin noma kunya bayan kunya, ya ce a sake inda ciyawa ta saura.

Wannan gurbin ne ya shafe mu, malamai. Hausa ta shiga Google Translate a 2013, amma rubutun da na'urori ke koyo daga gare shi mafi yawa na Najeriya ne. Ƙa'idar Nijar ta 1999 tana rubuta ƴ inda Kano ke rubuta 'y, kuma bakin Ƙonni da Illela yana cewa hwari inda littafi ke cewa fari. Mai ƙera manhaja da bai taɓa zama da malamin Malbaza ba zai iya ɗaukar duka biyun kuskure, ya sa na'ura ta ja musu jan layi a rubutun ɗalibi.